Ƙoƙon da ke Cewa Ya Isa

Bari in faɗa tun da wuri, kada wani ya wahalar da kansa yana neman wawa a cikin labarin nan: ni ne. Na duba duk waɗanda ke ciki, na auna su ɗaya bayan ɗaya, ban sami wanda ya kamo ƙafata ba. Kuma ba wautar ƙuruciya ba ce. Da gemuna fari fat na tafka ta, a birnin Riyad, a shekarun da nake tuƙa motar wani dattijon ɗan kasuwa mai gida a unguwar Malaz.

Ni mutumin tudu ne. A ƙauyenmu rijiya ɗaya ce, mai zurfin da in ka saki guga sai ka gama gaisawa da na kusa da kai kafin ka ji ya taɓa ruwa. Saboda haka da doka guda muka tashi: in ka sami ruwa, cika. Tulu a cika shi. Randa a cika ta har ta yi hawaye. Baƙo a miƙa masa moɗa tana zuba a yatsunsa. Wanda ya ba ka rabin kwano, ko dai marowaci ne, ko yana jin haushin mahaifinka. Da wannan ilimi na sauka Saudiyya, haɗe da ɗan karatun firamaren da ban ƙarasa ba, kuma a ganina sun ishe ni fahimtar duk abin da ɗan Adam ya ƙera.

Ranar da aka fara ba ni gahawa a gidan kafilina, wato dattijon da ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, sai aka ɗiga mini wani ɗan abu a gindin finjali kamar maganin ciwon ido. Na dubi finjalin, na dubi gidan da faɗinsa ya kai kasuwar ƙauyenmu, na ce a raina Allah ya raba mu da arzikin da ba ya cika kofi. Daga baya aka yi mini bayani: a nan, in an zuba maka kaɗan ana nufin zauna, akwai ƙari, in an cika maka, an sallame ka ke nan, sha ka tashi. Na ce na ji. Amma zuciyata ba ta taɓa yarda ba.

Uwargidana kuwa 'yar bakin kogi ce, 'yar Sarkawan Yauri, masunta tun kaka da kakanni. Can na gan ta ina yaron mota, muna lodin busasshen kifi. Bayan yaranmu sun girma sun kama gabansu, kafilina ya yi mini hanya ta zo ta same ni, muka kama ɗakuna biyu a saman wani tsohon bene a unguwar Ulaisha. Ba a jima ba labarin tuwonta ya zaga. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yan uwanmu direbobi da magina da masu tsaron shago sai su cika mana falo, a ci tuwon shinkafa da miyar kuka, a yi gardamar ƙwallo da siyasar gida, a watse a bar mata tsibin kwanuka.

Ruwan Riyad ba ya son hannun mace. Ga sabulu mai kaifi, ga iskar da ke shanye jiki. Yatsunta suka tsattsage, har in ta ɗaura niyyar alwala sai na ga tana cije leɓe. Amma ba wannan ne ya fi damunta ba. Wata rana ina shan shayi ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Malam, ka yi wa mai gidanka magana a yi mini huruj niha'i.”

Wato takardar fita wadda ba dawowa.

Na ce, “Hajiya, me ya yi zafi?”

Ta ce, “Ba abin da ya yi zafi ban da garin. Ni dai na gaji da ruwan da ke zaune a tanki kamar ɗan kurkuku. Ina so in ga ruwa yana tafiya kafin in mutu.”

Ta sauko da akwatinta daga kan kwaba, ta ajiye shi a ƙasa a uwar ɗaka. Kullum sai ta ninke zane ɗaya ko biyu ta sa a ciki, a hankali, ba faɗa ba gaba. Ni kuwa kullum in na dawo sai in leƙa in ga inda ya kai. Na san zaman Riyad ba ita, na yi shi shekaru: ɗaki ɗaya, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani, da burodi da wake a leda. Ban shirya komawa can ba.

Ana cikin haka aka tashi gyaran kicin a gidan kafilina, aka fitar da wani tsohon injin wanke kwanuka aka jingine shi a bakin gareji. Tun zamanin da aka gina gidan yake, launinsa kamar na ɗanyen dabino, ƙofarsa mai nauyi kamar ta banki, da wani abin murɗawa guda a goshinsa. Na ce a ba ni. Dattijon ya yi dariya ya ce, “Ɗauka, ya Hajj, sa'anka ne.” Na ɗauka a raina cewa in hannunta ya huta, ƙila akwatin ma ya huta.

Wani Basudane mai gyaran famfo da lantarki a wajen Batha shi ya zo ya haɗa mana. Dogo ne, mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. Ya durƙusa ya cire murfin ƙasan injin, ya ce in matso in gani, tunda ni zan zauna da shi.

Ya nuna mini inda bututun ruwa ya shiga, da wani ɗan bawul mai wayoyi biyu. Ya ce wannan ƙofa ce, a rufe take kullum, sai an ba ta wuta take buɗewa. Ya nuna abin murɗawar nan na goshi, ya ce agogo ne, shi ke tafiya a hankali yana ba kowa umarni: yanzu a sha ruwa, yanzu a watsa, yanzu a zubar. Injin ba ya ganin ruwan da ya sha. Agogo ne kawai ke buɗe ƙofar na ɗan lokaci, ya rufe, ya ɗauka an samu abin da ake bukata.

Na kira shi yadda Sudanawa ke kiran juna, na ce, “Ya zol, wato makaho ne ke awo?”

Ya ce, “Makaho ne, amma yana da ɗan jagora.”

Sai ya buɗe cikin injin, ya nuna mini wani ɗan abu na roba a kusurwar gaba, a kife kamar ƙoƙon shan fura. Ya ɗaga shi da yatsa, na ji wani ɗan ƙas a ƙasa. Ya sake shi, ƙas. Ya ce sunansa awwama. Yana da ƙafa guda da ta ratsa ƙasan injin ta taka wani ɗan makunni. Muddin yana zaune, wuta na iya kaiwa ga bawul. In ruwa ya hau ya wuce ƙa'ida, sai ya ɗaga shi, ƙafar ta saki makunnin, wuta ta yanke, ƙofa ta rufe, ko agogo ya so ko bai so ba.

Uwargida tana tsaye a bayanmu da mayafi. Ta ce da Hausa, “Goran masunta ne. In ruwa ya taso shi ma sai ya taso.”

Basudanen ba ya jin Hausa, amma ya gyaɗa kai. Ya ƙara da cewa agogon ya tsufa, wani lokacin yakan yi gyangyaɗi daidai wurin shan ruwa, ya tsaya cak bai wuce ba. In haka ta faru, awwama ce ke rufa asiri har a zo a ɗan taɓa shi ya ci gaba. Ya ce a riƙa share ƙarƙashinta kada maiƙo ya liƙe ta. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni da na kwance kafiretar mota a tsakiyar daji ba ƙoƙon roba ne zai gagare ni ba.

Wankin farko, mu biyu muka zauna a ƙasan kicin kamar masu kallon talabijin. Da farko wani ɗan siririn sauti, ruwa yana shiga. Sai shiru. Sai kuma abin ya fara: shaa, shaa, ruwa yana dukan bangon ƙarfe yana komawa, yana dukan yana komawa. Na dubi uwargida. Ta rufe ido, ta jingina kanta da ƙofar firiji. Can ta ce, “Kamar gindin kwalekwale da hantsi.” Ranar ba ta sa ko ɗankwali a akwati ba.

Daga nan abin ya zame mana al'ada. Da la'asar, lokacin da rana ta kwantar da unguwa, ba motsi sai kurciyoyi a kan tankunan rufi, sai mu kunna tsohon mu zauna. Wani lokacin ma kwanukan ba su kai a wanke ba. Ita ta ba ni labarin kakarta da ke gane zuwan ambaliya daga warin iska, ni in ba ta labarin hanyoyin da na bi da mota, rabinsu gaskiya. Tururi ya riƙa fita ta gefen ƙofar injin da ƙanshin lemun tsami, kicin ya yi laushi, har bangon ya daina kama da na ƙasar mutane. Akwatin dai yana nan a ƙasa, bai cika ba, bai kuma koma kan kwaba ba.

Da na bar abin haka, da yanzu ba ni da labari.

Wata rana yana cikin aiki na buɗe ƙofar don in ga kogin da muke saurare. Jama'a, abin da na gani ya ba ni kunya. Ɗan ruwa ne a gindi, wanda ko idon sawu ba zai rufe ba. Kwanuka suna sama a bushe da iska, ana yayyafa musu kamar masu karɓar tofi. Na ce, “Ashe kai ma ɗan ƙasa ne. Gahawa kake zuba wa kwanukan mutane.”

Uwargida ta ce, “Suna fita fes ko ba sa fita?”

Na ce, “Ba a nan take ba. Wanki sai an nutsar. Wa ya taɓa wanka da cokali?”

Ta ce, “Mutumin tudu, bar ruwa ga masu shi.”

Amma ni na riga na yi nisa a lissafi. Na ce in ɗan wannan ruwan ya hana ta ninke zane, to in aka cika shi fa? Ai sautin zai zama na kogin Kwara sosai, akwati ya koma kan kwaba da ƙafarsa. Na fara da lallashi. Na ɗebo bokiti na juye masa a ciki kafin in kunna. Sai ya ƙi shan nasa sam, ko ɗigo bai ja daga famfo ba. Na murɗa agogo baya na mayar da shi wurin shan ruwa, na ji ƙas ɗin nan daga ƙasa, shi ke nan. Nan na gano mai laifi. Ƙoƙon nan ne ke tsaye a ƙofa kamar ɗan sandan iyaka, yana ce wa ruwa ya isa.

Akwai wani ɗan turmin tagulla da uwargida take daka citta da kanumfari a ciki, ƙarami amma nauyinsa kamar zunubi. Ranar wata Juma'a, bayan baƙi sun watse, ta shiga uwar ɗaka ta ɗan miƙe. Na jera kwanuka, na ɗora turmin a kan ƙoƙon, na ɗaure da waya don kada ya zame. Na ce masa, “Yau kana hutu.” Na rufe, na murɗa, na shimfiɗa darduma a falo kusa da ƙofar kicin, na kishingiɗa ina jiran in ji yadda kogi ke cika. Niyyata in riƙa mayar da agogon baya wurin shan ruwa, in ruwa ya kai rabi in tura shi gaba. Ban ma san ba sai na sha wahalar mayar da shi baya ba, domin ranar ce tsohon ya zaɓa ya yi gyangyaɗinsa daidai wurin shan ruwa.

Tuwo yana cikina. Siririn sautin nan yana ta zuwa, bai yanke ba, kamar wani yana zuba shayi daga nesa. Na ce a raina, yauwa, haka ake karɓar baƙo. Sai na ga kaina a bakin Kwara, a kan buhunan kifi, da rigata mai maiƙon inji. Rana tana wasa a kan ruwa. Kwalekwale yana tahowa, wata yarinya a tsaye a bayansa da sanda, ba ta ko dafa komai, kamar a tsakar ɗakin uwarta take. Na sauko don in yi mata gwaninta, na taka bakin ruwa da takalmina na roba. Ruwan ya shafi dugadugaina, ɗumi-ɗumi. Ya hau idon sawu. Yarinyar tana dariya tana cewa wani abu, iska tana kwashe maganar. Ruwan ya taɓa gwiwar hannuna, na yi mamaki, don a tsaye nake.

Na buɗe ido.

Falonmu ya zama fadama. Ruwa yana fitowa ta ƙasan ƙofar injin shimfiɗe kamar mayafi, domin ƙofar nan ba a yi ta don ta tare tafki ba, feshi kawai take tarewa. Butar alwalata ta wuce ta gabana a hankali, bakinta gaba, kamar ta san inda za ta. Takalman baƙi da aka manta suna biye da ita. Hasken la'asar ya shigo ta taga ya faɗa kan ruwan, ya tashi ya manne a silin, yana rawa, zare-zare na zinariya suna haɗuwa suna rabuwa.

Uwargida tana tsaye a ƙofar uwar ɗaka, ta ɗan tattare zanenta, ruwa yana ratsa yatsun ƙafarta. Ba ni take kallo ba, silin take kallo. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Fuskarta ta koma irin ta yarinyar kwalekwalen, har na buɗe baki zan ce, kin gani ko, ga ruwa yana tafiya.

Sai ta ce, “Kada ka taɓa komai!”

Ta ɗauki muciya ta ɗaga hannu ta kashe babban makunnin wutar gidan da ita. Ta ratsa ruwan ta murɗe famfon da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ta buɗe injin, sauran ruwan ya kwararo mata a ƙafa. Ta sunkuya, ta daɗe tana kallon turminta a ɗaure da waya a kan ƙoƙon. Ta kwance shi. Ƙoƙon ya taso sama a hankali, na ji ƙas. Ta miƙo mini tsumma.

Ruwan ya bi matakala ya sauka har ƙofar mai gidan hayarmu, wani tsohon Balarabe da ke zaune a ƙasa. Ya hawo da takalmansa a hannu, ya leƙo, ya ce, “Ya Hajj, an yi ruwan sama a wajenku ne ban da mu?” Washegari na sauka ba shi haƙuri. Ya zaunar da ni, ya ɗauko butar gahawa. A rayuwata ban taɓa zura wa kofi ido kamar ranar ba. Ya ɗiga mini ɗan kaɗan a gindi. Wallahi ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba.

Saura babbar shari'a. Akwatin nan da ke ƙasa a uwar ɗaka ya sha ruwa har ya ƙoshi. Na hau rufin bene na sami uwargida ta ɗaura igiya daga tanki zuwa eriya, ta shanya duk abin da ta yi makonni tana ninkewa. Atamfofi da lesuka suna kaɗawa a saman Ulaisha, ga hasumiyoyin birni can nesa cikin hazon zafi kamar a mafarki. Akwatin yana gefe, bakinsa a buɗe yana kallon rana.

Na yi gyaran murya. Na ce, “Hajiya, ai dai kin ga ruwa yana tafiya.”

Ta ci gaba da shanyarta.

Na ce, “Kuma in za a bi gaskiya, laifin agogon ne. Basudanen nan da kansa ya ce yana gyangyaɗi.”

Ta ce, “Su biyu ne suka yi gyangyaɗin.”

Na haɗiye wannan. Na tsaya ina taya ta matse wani zane, ina murɗawa ta inda ba nan take murɗawa ba. Can na yi ƙarfin hali na tambayi abin da ya hawo da ni.

“To maganar takardar fitar fa? In yi wa mai gidan nawa magana, ko in dakata har kayan su bushe?”

Ta karɓe zanen daga hannuna, ta yarfa shi, ta rataya. Ta ɗauki akwatin ta kife shi ya tsiyaye, sannan ta miƙo mini.

“Kai shi kan kwaba.”

Daɗi ya kama ni har na manta matsayina. Na ce, “Kin gani! Da ma na san in aka cika shi za ki zauna. Dabarar mutumin tudu ke nan.”

Ta juyo ta dube ni daga rawani har takalmi.

“Malam, injin da aka jefar a bakin gareji ma an sa masa abin da ke ce masa ya isa. Kai ne aka ƙera babu. In na tafi, wa zai zauna a kusurwa yana yi maka ƙas?”